Babur Mai Ciwon Litinin

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, ita ce shekarar da idon Inna ya fara rufewa. Tana ƙauyenmu can bayan Badaguishiri, kuma ta ce ba inda za ta. Na yi lallashi, na yi fushi, na sa dattijai sun yi mata magana, ta ce ita a ɗakinta ko ba ido ta san inda kowace ƙwarya take, a gidana kuwa sai an riƙa jan ta da sanda. Matar ƙanena ce ke kula da ita. Mota ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa, ni kuma ranar ina aji. In ba ni da abin hawa nawa na kaina, sai dai in riƙa ganinta daga hutu sai hutu, ga shi shekarunta sun ja.

Babur ne mafita, babur ne kuma abin da Inna ba ta son a ambata a gabanta. Yayana a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, ya rasu, wanda mai shi ya san burkinsa ba ya ci amma ya ɗauki fasinja. Da na kawo mata maganar sai ta yi ta murza carbi. Can ta ce:

“Ban hana ka ba. Amma ka ji ni da kyau. Ranad da duk yaf fara ciwo, komi ƙanƙanta tai, ka rabu da shi. Ban yarda ka hau abin da ka san ba ya da lahiya ba.”

Na ce na ji. Ta ce ba ji take so ba, alkawari take so, na kuwa yi mata.

A Konni na samu babur ɗin, na hannu ne, ta iyaka aka shigo da shi. Ba irin na ƴan kabu-kabu ba ne mai allura tana kaɗawa. Wannan tablo gare shi, wato ɗan allon gilashi a tsakiyar kan babur, wanda ke nuna gudu da lambobi, ya nuna man da ya rage, ya nuna zafin inji. Mai sayarwar ya ɗaga kujera ya nuna mini wani ɗan baƙin akwati ya ce wannan ita ce ƙwaƙwalwarsa. Ni mutum ne mai son abin da ba kowa ke da shi ba, matata ta sha faɗa mini haka, kuma ranar ma da na shigo da shi gida ba ta fasa ba.

Daga nan Asabar ta zama tawa. In tashi da safe, in tsaya Tsarnawa in sayi goro da ɗan nama, in juya arewa. In na fara hango lambunan Badaguishiri, albasa da kabeji kore shar a cikin kwari, na san na kusa. Sai in sauka daga kwalta in bi turbar amalanke. Inna tana gane ƙarar injin tun ban shigo gari ba, kafin in kashe shi an shimfiɗa tabarma. Ba wata hira mai nauyi muke yi ba. Ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata, in yanke mata farce, in gyara mata igiyar gado, ta yi mini faɗa a kan na rame alhali ba ta ganina. In kwana biyu, ranar Litinin in na dawo daga sallar asuba in hau in kama hanya, in isa lakwal kafin a buga ƙararrawa. Ban taɓa samun natsuwa irin ta waɗannan watannin ba.

Wata Litinin na murɗa makulli, tablo ya kawo haske, amma inda lambobi suke sai wasu ƴan layuka a kwance. Ba gudu, ba mai, ba zafi. Wata ƴar fitila ruwan ɗorawa tana ƙiftawa a gefe. Na saci kallon Inna da ke zaune a bakin ɗakinta. Na kashe na sake kunnawa, haka. Na ɗan bubbuga gilashin da tafin hannu, na sake murɗawa, sai lambobin suka dawo. Inji kuwa ya tashi lafiya lau. Na yi mata sallama da murya mai fara’a na fita.

Litinin ta gaba ya sake, wannan karon bai dawo ba sai da na wuce Badaguishiri rana ta ɗaga. Na kai shi wurin wani mai gyara a Malbaza. Ya zagaya shi, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce batir ne. A wurinsa duk abin da ya shafi wuta batir ne, na tabbata ko agogon hannuna na kai masa abin da zai ce ke nan. Na canza batir. Babur ya yi mako guda garau a gari, na je ƙauye na kwana, ranar Litinin layukan nan suka tarbe ni.

Wani zai ce tunda inji na tashi, mene ne abin damuwa. Haka na riƙa gaya wa kaina har ranar da mai ya ƙare mini tsakanin Badaguishiri da Tsarnawa, don ban san abin da ya rage a tanki ba, na yi lissafi da ka, lissafin ya ci ni. Na tura babur a rana, da rigar koyarwa, har inda wani ke sayar da mai a kwalba. Na isa lakwal yara sun gama darasin farko ba malami. Amma ba turin ne ya fi damuna ba. Ciwo ne, ƙarami ko babba, kuma na san da shi, kuma ina hawa. Duk Asabar Inna kan tambaye ni, “Yaya abin hawan?” in ce lafiya lau, maganar tana yi mini ɗaci a baki. In na faɗa mata gaskiya, zan sayar. In na sayar, wani babur ɗin ba za ta yarda da shi ba, na san halinta, Asabar ɗinmu ta ƙare ke nan.

Aka kwatanta mini wani makanike a Konni, kusa da tashar ƴan kabu-kabu, wanda aka ce yana taɓa masu ƙwaƙwalwa. Mutum ne gajere mai yawan magana, yana kirana Mushe kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal. Yana da wata ƴar na’ura da yake soka wa babur a ƙarƙashin kujera, ta riƙa aiko masa da bayani a wayarsa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce:

“Mushe, tablonka lahiya tai lau, ƙwaƙwalwa ma lahiya lau. Zance na ka yankewa tsakaninsu.”

Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce tablo ba ya sanin komai da kansa. Ƙwaƙwalwa ce ke jin gudun taya da zafin inji, ta faɗa masa ta wasu siraran wayoyi biyu da aka tufke tare, shi kuma ya rubuta. In saƙo bai iso ba, sai ya ja layi ya yi shiru. Na’urar ta nuna cewa zancen ya sha yankewa, amma ba ta faɗi inda yake yankewa ba, kuma a wannan lokacin da muke tsaye komai na aiki daidai. Abin da ya riƙa ƙona mini rai ke nan. Duk ranar da na kawo shi Konni sai ya zama lafiyayye, ya bar ni ina rantse-rantse kamar mai ƙarya.

Muka bi abin daki-daki, ba a zuwa ɗaya ba. Ya ciro fiyus ya duba a rana, ba wanda ya ƙone. Ya auna batir da inji a kashe da kuma a kunne, ya ce wancan na Malbaza ya sa na jefar da batir mai rai. Ya kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur, wadda suke kira mas, ya kankare tsatsa ya mayar ya ɗaure tamau, ya ce sau da yawa nan ne gidan matsala. Ya kunna makulli ya sa ni kallon tablo, shi kuma yana bin damin wayoyi yana girgizawa tun daga kujera har wuyan babur, ya karya kan hagu ya karya dama, ko lamba ɗaya ba ta motsa ba. Da ya ga wayar cajin tarho da na sa aka jona mini, ya yi tsaki ya ce ga ɓarawon nan, ya cire ta, ya naɗe wurin da salatif. Na koma gida da murna. Litinin ta zo, ɓarawon na nan.

A zuwa na gaba ya ce to turbar ƙauyenmu ce ke girgiza wani abu. Na ce in turba ce, me ya sa ba ya yi ranar Asabar da nake shiga, sai Litinin tun ban motsa ba. Ya ce raɓa ce. Na ce wace raɓa da rani, kuma a ƙarƙashin rumfa yake kwana. Ya ce ɓera. Muka duba, ba tabon haƙori ko ɗaya. Har tablon wani babur irinsa ya aro ya ɗaura mini na mako guda, shi ma na aron ya ja layukansa ranar Litinin. A nan ya cire hula ya sosa kai ya ce:

“Mushe, ko dai moton ga ba ya son komawa lakwal na? Ɗiyana ma haka sukai ran Littinin.”

Ban yi dariya ba sai da na hau hanya.

Abin kuwa ƙaruwa yake yi. Da farko kashewa da kunnawa kan dawo da shi. Daga baya sai rana ta take. Daga baya har Talata yana kaiwa. Matata ta ce in sayar in huta, in sayi irin na kowa. Na ce mata ba babur nake riƙo ba. Ta gane, ba ta sake tayar da maganar ba.

Da aka yi ɗan hutu, makaniken ya ce in taho masa kai tsaye daga ƙauye ranar Litinin, kada in kashe, kada in bubbuga, yana so ya gan shi cikin ciwon. Haka na yi. Na isa Konni da hantsi layukan na nan. Ya soka na’urarsa, ya ce yawwa, yanzu ƙwaƙwalwa na magana tablo ba ya ji. Ya auna wayoyin nan biyu daga wajen kujera, saƙo na fita. Saura can gaba. Ya kwance murfin fitilar gaba, abin da bai yi ba a baya saboda girgizawa ba ta taɓa nuna komai a wurin ba, kuma kusoshin suna da wuyar kai. A bayan tablo akwai fish, wato mahaɗar da wayoyi ke shiga, da ƴar rigar roba a kanta. Ya zame robar ya zare fish ɗin.

Cikinsa ya yi baƙi. Wani abu ne mai danƙo ya taru a gindin ƴan ƙarafan, wasu har sun yi kore, kuma da ɗan damshi. Ya ce ba man inji ba ne, ba giris ba ne. Ya lakato da tsinke ya shafa a bayan hannunsa, abin ya ja layi baƙi siɗik. Na kama hannun nasa na kai hanci. Ƙanshin ƙaro ne da baƙin tukunya. Duk wanda ya taɓa wanke allo yana yaro ya san wannan ƙanshin. Tawada ce.

Muka dubi juna. Shi ma ya sansana. Can ya ce a hankali:

“Wa ka ba moton ga rubutu?”

Amsar ta riga ta zo mini. A ƙauye, lokaci ɗaya ne babur ke zama ba na kusa, lokacin da nake masallaci da asuba.

Ya yi mini bayanin sauran yana wanke fish ɗin da fetur da tsohon buroshin haƙori. Ruwa in an zuba a kan tablo yana bin bayansa ya gangara, rigar robar ta tsage ta sama, sai ta zama ƴar randa. Baƙin da ke cikin tawada yana ɗaukar wuta in ya jiƙe, sai ya haɗa ƙarafan da bai kamata su haɗu ba, saƙo ya rikice. In ya bushe zance ya dawo. Da yake ƙaro yana taruwa mako bayan mako, bushewar sai ta riƙa daɗewa. Ya kankare koren, ya busar, ya mayar, lambobi suka fito tar. Ya sa sabuwar roba ya naɗe da tsohon tib na taya, amma ya ce in dai za a ci gaba da yi masa wanka, wata rana zai sake samun hanya. Ya ce in je in faɗa wa mai yi ya daina. Na ce to, kamar abu ne mai sauƙi.

Duk makon ina juya yadda zan faɗa mata. In ce hannunki ne ya sa babur ciwo? Matar da ta binne ɗa saboda babur mai ciwo, in gaya mata cewa addu’arta ce ta bar ni a daji ba mai? Na gwada kalmomi iri-iri a raina, ba wanda zan iya furtawa. Haushi ma na ji, ba zan ɓoye ba, na tuna batir da tura babur da zirga-zirgar Konni. Amma haushin bai kwana ba.

Litinin ta gaba ana sallame salla na tashi, ban tsaya lazimi ba. Gari ya fara haske. Na tsaya a bakin zaure. Inna ta fito daga ɗakinta da ɗan ƙoƙo a hannu, tana taka ƙasa a hankali, ɗaya hannun a miƙe har ya taɓa ginshiƙin rumfa. Ta lalubi kujerar babur, ta bi tanki da tafin hannu, ta kai kan madubi, ta dawo tsakiya ta dafa gilashin tablo. Bakinta na motsi. Gefen zanenta na riƙe a hammata, da shi take goge wurin in ta gama, shi ya sa ban taɓa ganin alama ba. Ta fara karkata ƙoƙon.

Na ce, “Inna, ba ni in sha.”

Ta tsaya cak, ta juyo inda muryata take.

“Yau ba ka yi lazimi ba?”

“Ban yi ba. Ba ni in sha, Inna.”

“Kai da tun da kas shiga lakwal ko an ba ka sai ka zubar bayan ɗaki? Ka aza ban sani ba? Shi ya sa nic ce, tunda kai ba ka sha, bari in ba abin da ka ɗaukar ka. Shi ba ya gardama.”

Na ce ai ni ne mai tuƙin, in ni na sha ya isar mana mu biyu. Na karɓi ƙoƙon daga hannunta. Ya cika fal, har yana zuba a yatsuna. Na yi bismilla na kafa kai. Ɗanɗanon yana nan yadda na bar shi, hayaƙi-hayaƙi da ɗan bauri. Na shanye na miƙa mata, ta sa yatsa a ciki ta tabbatar ba saura.

Na ce, cikin wasa, “Duk wannan shi kaɗai kike ba shi? Ai ya yi yawa.”

Ta ce, “Da can kaɗan nika yayyahwa mai. Da yaf fara ciwo ne nis sa malam ya ƙara.”

Na ce wane ciwo.

“Kai dai. Ido na ab babu, kunne na nan. Kullum Littinin ina jin ka, ka murɗa makulli ka kashe, ka murɗa ka kashe, ka bubbuga mai kai, kana ajiyar zuciya. Kuma in na tambaye ka ka ce lahiya lau.”

Kunya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ina ƙarami. Na ce mata an gyara, wannan makon aka gyara a Konni, kuma ba burki ba ne, ba taya ba ne, allon da ke nuna mai ne kawai. Na murɗa makulli sau ɗaya don ta ji, inji ya tashi, na kashe. Ta saurara har ƙarar ta mutu, ta gyaɗa kai. Abin da ya jawo ciwon ban faɗa mata ba, ba ranar ba, ba kuma daga baya ba.

Na ce, “To Inna, tunda kin sani, me ya hana ki tuna mini alkawarin?”

Ta juya ƙoƙon a hannunta, ta kife shi a gindin ginshiƙi, ta daɗe tana gyara masa zama.

“Kullum nika cewa yau zan hwaɗa ma,” in ji ta. “Sai in tuna in na hwaɗi, Asabat ta zo ba mai zuwa. Sai in ce bari sai wani mako.”

Ta lalubo hannuna ta riƙe, hannunta duk danshin tawada. Muka tsaya haka a ƙarƙashin rumfar har matar ƙanena ta fito da tsintsiya. Sannan Inna ta sake ni, ta ce in tafi kada yaran mutane su zauna ba malami, kuma in na zo Asabar in taho mata da goro fari, na wancan makon ya yi tauri.